Makulli da Mayen Ƙarfe: Yadda Za Ka Gane Ko Bututun Ruwan Gidanka Na Dalma Ne

Ruwan da ya biyo ta bututun dalma garau yake fitowa. Ba ya wari, ba ya canza launi, ba ya ɗaci a baki. Ko ka tara shi a kofin gilashi ka ɗaga wa rana, ba abin da za ka gani. Shi ya sa nake roƙon duk ɗan'uwanmu da ke zaune a tsohon gida a Amurka ko Ingila ko Kanada ya daina dogara da ido da harshe, ya je inda bututun ya shigo gida ya duba da hannunsa. Aikin bai fi na minti 15 ba, kayan aikin kuma ɗaya yana aljihunka, ɗaya yana manne a jikin firji.

Ni ma ban san da maganar ba sai 'yan watanni bayan mun tare a wani gidan jan bulo mai hawa biyu a birnin Shikago na Amurka, uwargida tana da ciki wata bakwai. Wata maƙwabciyarmu ce ta tambaye ta da wane ruwa za ta riƙa dama wa jariri madara. Da daddare ta ce da ni, "Maigida, wai ka taɓa duba bututun gidan nan kuwa?" Na ce ai ruwan hukuma ne, an tace shi. Gaskiya ne an tace shi. Ruwa yana baro matata ba dalma a cikinsa, manyan bututun da ke bin ƙarƙashin titi ma galibi ba na dalma ba ne. A 'yar gajeriyar tafiyar nan daga titi zuwa bangon gida yake kwaso ta, a cikin ƙaramin bututun da ya ɓalle daga babban ya nufo gidanka kai kaɗai. Wannan bututun shi ne abin nemanmu.

Wace dalma ake nufi

Kalmar dalma a bakinmu ta haɗa abubuwa. Muna ce wa tukunyar da maƙera ke zubawa tukunyar dalma, alhali akasarin jikinta sanholo ne mara nauyi. Wadda nake magana a kanta ita ce mai nauyin nan mai taushi, wadda ke cikin batirin mota, wadda masunta ke ɗaura wa taru don ya nutse, wadda mai gyaran rediyo ke narkarwa ya like waya. Ita ce ta yi ɓarna a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Waccan ta fito ne daga ƙurar duwatsun zinari da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma yawanta ya kai ga farfaɗiya da mutuwa. Ta bututu ba ta zuwa da irin wannan hayaniya. Kaɗan-kaɗan take taruwa a jiki, ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun tana tohowa, ta rage masa kaifin fahimta da natsuwa, ɓarnar kuma ba ta gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma cikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da cikin babba ke tsotsewa. Mai juna biyu kuwa tana miƙa wa ɗan tayinta. Babba ma bai tsira ba, tana haddasa masa hawan jini da ciwon ƙoda.

Fara da shekarun gidan

Kafin ka ɗauki tocila, nemi shekarar da aka gina gidan. Tana cikin takardun saye, ko ka tambayi mai gidan, ko ka duba shafin haraji na gunduma a intanet.

A Amurka dokar tarayya ta hana sa sabon bututun dalma a 1986. Wasu birane sun riga ta, Niyok ta daina tun 1961. Shikago kuwa dokar gininta wajabta dalma ta yi ga ƙananan gidaje har zuwa 1986, shi ya sa take da irin wannan bututu kusan 400,000, fiye da kowane birni a ƙasar. A Ingila gidan da aka gina kafin 1970 shi ne abin tuhuma. A Kanada doka ta yarda a yi amfani da shi har 1975, a Faransa sai 1995 aka hana.

Shekara alama ce kawai. Akwai tsohon gidan da aka riga aka canza masa bututu, akwai kuma sabon ginin da aka ɗora a kan tsohon fili aka jona shi da bututun da aka tarar a ƙasa. Kada kuma sabon fenti da sabon kicin su ruɗe ka. Masu gyara gida don haya suna canza abin da ido ke gani ne, na ƙarƙashin ƙasa tsada gare shi.

Daga nan duba kundin hukumar ruwa. A Amurka an wajabta wa kowace hukumar ruwa ta haɗa jerin bututun gidajen da take ba ruwa zuwa 16 ga Oktoban 2024, manyan birane kuma sun sa nasu a intanet, ka rubuta adireshi ka gani. Kashi huɗu suka raba: na dalma, na ƙarfe da ya wajaba a canza, wanda ba dalma, da wanda ba a sani ba. In ka ga "ba a sani ba" a gaban gidanka, ɗauka na dalma ne har sai ka tabbatar. In ma sun rubuta ba dalma, sauka ka duba, domin wasu bayanan daga katunan da aka cike da hannu shekara 80 da suka wuce aka kwafo su.

Nemo bututun, kada ka kama na gas

Tanadi makullin gida ko sukudireba mai faɗin baki, da mayen ƙarfe irin wanda ake manna takarda da shi a jikin firji, da tocila, da jiƙaƙƙen tsumma, da wayarka don hoto. In akwai safar hannu, sa.

A gidajen Amurka da Kanada bututun yakan ɓullo a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ta bangon da ke fuskantar titi ko ta daɓe, kusa da kusurwa. In gidan ba shi da irin wannan ɗaki, duba gareji, ko kusa da tukunyar dafa ruwan wanka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemo mitar ruwa. Gidaje da yawa a Shikago ba su da mita, to sai ka nemi babban makunnin da ke tsayar da ruwan gida gaba ɗaya. A Ingila wannan makunni yawanci yana ƙarƙashin wurin wanke-wanke na kicin, a can bayan kwalaben sabulu, wani lokaci kuma a ƙarƙashin matakala ko banɗakin ƙasa.

Inda za ka gwada shi ne tsakanin bango da makunni, wato ɓangaren da ke zuwa daga titi kafin ya isa mita. A nan mutane da yawa ke kuskure. Sai mutum ya ga jan ƙarfe fes yana bin rufi, hankalinsa ya kwanta, alhali wannan na cikin gida ne. Wanda ake nema wani lokaci tsawon abin da ya leƙo daga daɓe bai wuce taƙi ɗaya ba. Kaurinsa a gidan iyali ɗaya yakan kama daga kashi uku cikin huɗu na inci zuwa inci 1.

Abu biyu na kiyayewa. Bututun gas ma ta nan yake shigowa, yawanci baƙin ƙarfe ne ko mai rufin rawaya, yana tafiya zuwa murhu da na'urar ɗumama ɗaki. Bi shi da ido ka ga inda ya nufa. Na ruwan sanyi in ka dafa shi za ka ji sanyi, da zafi ma har gumi yake yi. Na biyu, za ka iya ganin wata waya an matse ta a jikin bututun ruwan. Ita ce ke sauke wutar lantarkin gida ƙasa, kada ka kwance ta, kada ka kankare kusa da ita.

Mayen ƙarfe tukuna, sannan makulli

Ɗora mayen ƙarfe a jikin bututun, ba a jikin noti ko maɗauri ba. In ya manne, ƙarfe ne mai rufin tutiya, wanda masu gyaran famfo a gida ke kira GI. In ya faɗi, saura uku: dalma, jan ƙarfe, ko roba.

Yanzu goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma. In an yi masa fenti, kankare fentin a jiƙe, ka kwashe ɓarɓashin da tsumma ka jefar, domin fentin gidajen Amurka na kafin 1978 shi ma yana iya ƙunsar dalma. Sannan ka ja bakin makulli a jikin bututun, tsawon gaɓar yatsa, a hankali kamar mai kankare katin waya. Ba huda shi za ka yi ba. In wurin ya yi tsatsa sosai ko yana tsattsafo da ruwa, bar shi, kira mai gyara.

Dalma ba ta ɓuya. A waje launinta toka-toka ne mara ƙyalli, kamar tsohuwar tukunya. Makulli yana shiga cikinta da sauƙi, kusan kamar yadda yake shiga busasshen sabulu, zanen kuma ya fito fari ƙal yana walƙiya kamar sabuwar azurfa. A namu gidan, da na ja makullin sai na ji ya nutse ba ko ƙara, na haska tocila na ga layi yana sheƙi a cikin duhun kusurwar. Na tsaya a tsugune na ɗan lokaci, ina tuna wata huɗu da muka yi muna shan shayi da ruwan nan.

Akwai wasu alamomin da ke ƙara tabbatarwa. Bututun dalma ba ya miƙewa sambal, yana lanƙwasa a hankali kamar maciji, saboda da hannu ake tanƙwara shi, ba ya buƙatar gwiwa. Inda ya haɗu da makunni za ka ga wani kumburi mai siffar ƙwai ko kan albasa. Tsofaffin magina suna zuba narkakkiyar dalma ne a wurin su shafe ta da ƙyalle tana da zafi. In ka ga wannan kumburin, magana ta kusa ƙarewa. Ka kuma ƙwanƙwasa shi da makullin: dalma ɗif take amsawa, ba ta amo.

Ƙarfe mai rufin tutiya shi ne ke ruɗar mutane, don shi ma toka-toka ne. Amma yana da tauri, makulli zamewa yake yi a kansa, zanen ba ya ƙyalli sosai. A miƙe yake, haɗinsa na murɗi ne irin na noti, da gwiwoyi a kowace kwana, sau da yawa da jar tsatsa a bakin haɗin. Mayen ƙarfe ne ke raba gardama.

Jan ƙarfe shi ne irin na cikin wayar lantarki, wanda 'yan gwangwan ke saye da tsada. Tsohonsa yakan yi duhu ko ya yi tsanwa-tsanwa, amma da ka kankare sai ja mai ruwan lemo ya fito kamar sabon kwabo. In abin da ya fito rawaya ne kamar zinari, tagulla ce, ita kuma an fi samunta a makunni da mahaɗai. Riƙe maganarta, za mu dawo kanta.

Roba ba ta buƙatar kankara. Baƙa ce ko shuɗiya ko fara, kuma akwai rubutu a jikinta, PE ko PEX ko PVC. Shuɗiyar roba a ƙarƙashin kicin a Ingila alama ce an canza bututun a baya-bayan nan.

Da ka gama, goge wurin, wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci ko yaro. Ɗauki hoto uku: na wurin gaba ɗaya, na zanen kusa-kusa, da na mayen ƙarfe a jikin bututun. Hukumomin ruwa da yawa suna karɓar hoton ta intanet su gyara kundinsu, kuma shi ne hujjarka a gaban mai gida. Ana sayar da wasu 'yan tsinkayen auduga masu canza launi zuwa ja in sun taɓa dalma. Ni ban ba su muhimmanci ba, domin ƙurar tsohon fenti kan sa su yi ja a kan bututun da ba na dalma ba. Makulli da mayen ƙarfe sun fi su gaskiya.

Abin da makulli ba zai kai gare shi ba

Nan ne ya kamata a yi hattara da saurin murna. Abin da ka gwada wutsiyar bututun ce kawai. A garuruwa da yawa bututun kashi biyu ne: daga babban bututun titi zuwa makunnin bakin hanya na hukuma ne, daga nan zuwa cikin gida na mai gida. Ɗaya yana iya zama jan ƙarfe, ɗaya dalma. Wani mai gyara ma guntun da ya fashe kawai yake yankewa ya jona sabo, sai ka ga jan ƙarfe a bango alhali taku biyu a ƙarƙashin ƙasa dalma ce. Akwai kuma wani ɗan guntun dalma mai lanƙwasa kamar wuyan dinya, tsawonsa kamar ƙafa 2, da ake jona bututun ƙarfe da babban bututu da shi a da. Wannan sai an tona ake ganinsa. Don haka ka kira hukumar ruwa ka tambaye su abin da suka sani game da nasu ɓangaren, ka roƙa su turo mai dubawa.

Wanda mayen ƙarfensa ya manne shi ma bai fita ba. Tsatsar cikin bututun ƙarfe tana kama ɓarɓashin dalmar da ya taho daga gaba ta riƙe shi shekaru, tana sakinsa kaɗan-kaɗan ko bayan an cire dalmar. Rufin tutiyar kansa, na da, akwai 'yar dalma a cikinsa. Wannan ne dalilin da dokar Amurka ta sa irin wannan bututun a layin waɗanda za a canza, muddin ya taɓa zama a bayan na dalma.

Sai na cikin gida. Jan ƙarfen da aka haɗa kafin 1986 galibi da likin da rabinsa dalma ne aka like shi, za ka ga farin zobe a bakin kowane haɗi. Kawunan famfo da makunnan tagulla kuwa, har zuwa Janairun 2014 doka a Amurka ta yarda su ƙunshi dalma har kashi 8 cikin 100 kuma a kira su marasa dalma. Daga lokacin ne aka sauko da shi zuwa kashi 0.25.

Me ya sa wani gidan mai bututun dalma ruwansa yake fitowa da sauƙi, wani kuma da yawa? Hukumomin ruwa suna zuba wani sinadari da ke yin ɓawo a cikin bututun ya raba ruwa da dalmar. Muddin ɓawon yana nan, abin da ke fita kaɗan ne. Abin da ya faru a garin Flint na jihar Mishigan ke nan: a Afrilun 2014 aka koma ɗibar ruwa daga kogin garin ba tare da zuba wannan sinadari ba, ruwan ya cinye ɓawon. Sai a Satumban 2015 likitar yara Mona Hanna-Attisha ta fito da alƙaluman da suka nuna dalma ta ƙaru a jinin yaran garin. Ko ba a canza ruwa ba, girgizar aikin titi a ƙofar gida ko canza mita tana iya ɓantaro ɓawon ya biyo ruwa.

Auna ruwan, auna jinin yara

Nemi kwalaben gwaji daga hukumar ruwa. A Shikago kyauta ne, ta lambar 311 ake nema, kamfanonin ruwa na Ingila ma suna zuwa su ɗiba in ka roƙa. Sharaɗin shi ne ruwan ya kwana a bututu aƙalla awa 6 ba a taɓa famfo ko masai ba, don haka da asuba ya fi. Litar farko tana ba da labarin kan famfo da bututun kicin. Ruwan da ya kwana a bututun waje sai wajen lita ta 5 yake isowa, shi ya sa gwajin kwalba ɗaya bai wadatar ba.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya maikirogiram 10 ne a lita (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram), haka na Ingila, haka na Najeriya. Kanada ta sauko zuwa 5 a 2019. Amurka ta daɗe a kan 15, a Oktoban 2024 ta fitar da dokar rage shi zuwa 10 da kuma cire bututun dalma cikin shekara 10. Waɗannan lambobi na hukuma ne, ba iyakar lafiya ba ne. Kuma sakamako mai kyau na yau ba ya wanke bututun dalma, domin ɓarɓashi yau ya fito gobe bai fito ba. 'Yar na'urar nan mai kama da biro da masu sayar da matata ke tsomawa a kofi ba ta auna dalma ko kaɗan, gishirin da ya narke a ruwa take ƙirgawa.

Yara 'yan ƙasa da shekara 6 da mai juna biyu a kai su a auna jini. A Amurka daga maikirogiram 3.5 a desilitar jini (kashi ɗaya cikin goma na lita) ake fara bin sawu. In ya fito da yawa, kada a tsaya kan bututu kaɗai. A duba fentin tagogi, a kuma duba kwallin da kaka ta aiko daga gida, domin kwallin dutse na gargajiya akasarinsa dalma ne, kuma muna sa wa jarirai shi da kyakkyawar niyya.

Kafin a canza

Tafasawa ba ta kashe dalma. Ruwan ne ke tashi ya bar ta, har ta ɗan ƙara yawa. Wannan ya saɓa wa abin da muka taso da shi, don haka a nanata wa duk wanda ke shiga kicin. Kada a sha ko a yi girki da ruwan zafi na famfo, zafi yana ƙara narkar da ita. A ɗebi na sanyi a ɗora a wuta.

Ruwan da ya kwana shi ne mafi muni, shi ne kuma muke tara wa shayin safe da kunun sahur. A fara da wanka ko wanki, sannan a saki famfon kicin ya zuba kamar minti 5 kafin a ɗiba. Wanka da alwala ba matsala, fata ba ta tsotsar dalmar ruwa.

Sayi matata, ko ta buta ko ta ɗaurawa a kan famfo, amma ka karanta kwalin. Dole ka ga alamar NSF/ANSI 53, kuma an ambaci dalma a cikin abin da take cirewa. Ba kowace matata ce ke yi ba, wasu ɗanɗano kawai suke gyarawa. Canza cikinta a kan lokaci. Madarar jariri kuwa da ruwan matata ko na gora kaɗai. A bakin famfo akwai 'yar raga mai murɗewa, kwance ta duk bayan 'yan watanni ka wanke. Ranar da na kwance tamu, ƙananan ɓarɓashi masu launin toka na tarar a ciki kamar yashi.

In aka zo canzawa, ka dage a canza duka daga titi har bango. Canza rabi yana girgiza ragowar, haɗa jan ƙarfe da dalma kuma yana sa dalmar ta ƙara cinyewa, sai ruwan ya fi da lalacewa na tsawon watanni. Aikin yana cin dubban daloli, amma dokar ayyukan raya ƙasa ta Amurka ta 2021 ta ware dala biliyan 15 dominsa, kuma birane da yawa suna yi kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi. Birnin Newark na jihar New Jersey ya canza bututu kusan 23,000 cikin ƙasa da shekara 3 ba tare da ya caji masu gidaje ba. Ɗan haya ya tura wa mai gida hotunan a rubuce, ya ajiye kwafi. Namu mai gidan sai da ya ga hoton zanen sannan ya cike takardar shiga shirin. Bayan an canza ma a cire ragar famfo a saki ruwa sosai, a ci gaba da matata har wata 6.

Na gida fa

Da na ba Yayana da ke Zariya labari, cewa ya yi, "To mu da muke shan burtsatse, ina ruwanmu?" Na ce, "Yaya, da ruwanku." Bututun gidajenmu galibi GI ne, ko PVC, ko koriyar robar nan PPR da ake haɗawa da zafi. Gwajin ɗaya ne, kuma wanda ke zaune a gidan zamanin Turawa, a GRA ko kwatas ɗin reluwe, ya kamata ya yi shi a inda ruwa ya shigo. Amma inda aka fi samun matsala a wajenmu shi ne tagulla. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya duba famfunan tuƙa-tuƙa da famfunan unguwa 261 a karkarar Gana da Mali da Nijar, ya sami dalmar da ta haura ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a kashi 9 cikin 100 na ruwan da aka ɗiba. Da aka kankari kayan famfunan aka auna, na tagulla ne suka fi ƙunsar ta. Ba daga ƙasa take fitowa ba, daga kayan da aka sayo a kasuwa aka ɗaura ne.

Ga shi kuma ruwanmu zaman jira yake yi. Famfo ya zo yau, ya ɗauke kwana uku, ruwa yana kwance a bututu da makunni cikin zafin rana. Wanda zai sa sabon famfo ya nemi kan da aka yi da bakin ƙarfe mara tsatsa ko na roba mai kyau don wurin ɗibar ruwan sha, ya tuna cewa kan famfo mai farin ƙyalli sau da yawa tagulla ce aka yi wa rufi, leƙa cikin bakin murɗinsa za ka ga rawaya. Mai son auna ruwa ya je sashen kimiyyar sinadarai na jami'a ko ɗakin gwajin hukumar ruwa ta jiha, ya tambaya ƙarara ko suna auna dalma, don gwajin da aka saba yi wa burtsatse na ƙwayoyin cuta ne da gishiri.

Bayan kwana biyu Yaya ya kira ni yana tsaye a gindin tanki. Mayen ƙarfen da ya ciro daga tsohuwar lasifika ya manne a bututun, makunnin ƙasan tankin kuwa da ya kankare shi rawaya ya fito. Ya sa an canza makunnin da kan famfon tsakar gida, ya kuma kafa wa yara doka: bokitin farko na asuba na wanki ne da ban ruwan zogale, sai na biyu ake zubawa a randa.